Ƙurar da Ke Cikin Ƙamus

Mai ɗinkin littattafai yana da hali guda da matarsa ta gaji da yi masa tsiya a kai: ba ya iya ganin ƙura ya ƙyale. Duk littafin da ya shigo shagonsa, kafin allura da gam sai buroshi. Matar takan ce ranar da ta tsufa, ita ma karkaɗe ta zai yi ya jingine ta a kan kantar shago.

Wata safiya wata tsohuwa ta kawo masa ƙamus na Turanci, ƙato, bangonsa ya rabu da jikinsa. Ta ce na marigayi mijinta ne, malamin makaranta, ya suɓuce mata daga saman kabad. Ta ajiye, ta ce sai gobe.

Ya ja kujera kusa da taga ya fara sharewa. Marigayin bai bar gefen shafi ya huta ba, ko'ina ya yi rubutu da fensir, ƙanana kamar sawun tururuwa. Mai ɗinkin ba wani Turancin kirki gare shi ba, amma yana son jin muryar mutum a gefen takarda. Yana karantawa yana lumshe ido, har ya ji kamar malamin na zaune a bayansa yana gyaran murya.

Can wajen tsakiya littafin ya buɗe da kansa. Wani gari rawaya, mai laushi, ya cika tsagin shafin, ga 'yar takarda da aka naɗe ta fashe. Ya yi tsaki, ya sa buroshi ya share tas. Garin ya tashi cikin hasken taga yana juyi a hankali, kamar ba shi da niyyar sauka. Ya yi atishawa har uku. Sai da shafin ya fito fes ya ga abin da malamin ya rubuta. A gefen kalmar pollen ya sa: ƙurar fure, asalinta daga Latin, gari mai laushi. A gefen pollard kuma: bishiyar da aka sare wa kai. A ƙasa ya ƙara da cewa, “Waɗannan ba 'yan uwa ba ne, maƙwabtaka ce kawai ta haɗa su.” Mai ɗinkin ya yi murmushi, ya soke buroshin a gwangwani, ya ɗauki allura.

Washegari tsohuwar ta dawo. Ta shafa sabon bangon, ta yi godiya, amma ba ta tashi ba.

“Inna, lafiya dai?”

“Ina fa lafiya, ɗan nan. Dabino gare mu a tsakar gida, mace, shi ya dasa ta da hannunsa. Shekara tara yana jiran ta. Namijin yana bakin titi, bara aka sare shi da za a faɗaɗa hanya. Kafin a sare, Malam ya hau ya ɗebo garin furensa, ya ce ya adana inda danshi ba zai kai ba. Bai gaya min inda ya sa ba, Allah ya yi masa rasuwa. Yanzu ga macen ta buɗe fure, karon farko, kwana biyu ke nan. In ba a zuba mata ba yau ko gobe, shi ke nan. Babu inda ban birkice ba. Garin neman ne ma na kayar da littafin nan.”

Mai ɗinkin ya tuna da garin nan rawaya. Ya dubi ƙasa, ga ta a share ƙal, shi da kansa ya share ta jiya. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba. Ya faɗa mata gaskiya, bai rage komai ba. Tsohuwar ta rungume ƙamus ɗin a ƙirji.

Sai idonsa ya kai kan gwangwani. Gashin buroshin rawaya ne har gindi.

Ya naɗe shi a farar takarda, ya rufe shago da rana tsaka, ya bi ta a baya yana riƙe da shi kamar ɗanyen ƙwai. Tsakar gidan shiru, sai igiyar shanya da kujerar malamin a inuwa. Ta riƙe masa tsani. Mutumin da bai taɓa hawa abin da ya wuce kujera ba ya hau, ƙaya na tsage masa hannu, har ya kai ga furen, fari sol, mai ƙamshi kaɗan.

“Akwai saura kuwa?” ta tambaya daga ƙasa.

“Akwai, Inna.”

Ya shafa buroshin a kan furen, zare bayan zare, yadda yake bin shafi, sannan ya ƙwanƙwasa shi da yatsa. 'Yar ƙura ta tashi, iska ta ɗauke ta, ta sauko da ita sannu a hankali.

Da ya sauko, ya ga wani ɗan rawaya ya zauna a kafaɗar mayafinta. Hannunsa ya ɗaga da kansa zai karkaɗe. Tsohuwar ta dafe wurin da tafinta.

“Bar min shi,” ta ce.