Wandon Barcin Malam Inuwa

Malam Inuwa mai injin shinkafa ba mutum ne da ake kunyatawa da sauƙi ba. Shekararsa arba'in da bakwai, yana da injin gyaran shinkafa guda biyu a bayan kasuwar Haɗeja, kuma muryarsa ta saba gasa da ƙarar inji, shi ya sa ko gaisuwa yake yi sai an jiyo shi daga tsallaken titi. Matarsa Ummussalma ungozoma ce. Tun da aka mayar da ita aiki wani ƙaramin asibiti a Auyo, ana idar da sallar asuba take barin gida don ta sami motar farko. Manyan 'ya'yansu biyu suna makarantar kwana. Saura auta, Adila, 'yar shekara tara, 'yar aji huɗu.

Don haka hidimar safe ta dawo kansa. Idan ya dawo daga masallaci sai ya hura gawayi, ya ɗora ruwan wankan Adila, ya dama kunu, ya zuba garwashi a dutsen guga ya goge mata kayan makaranta, ya zuba mata abin karin rana a ɗan kwanonta, ya duba jakarta ko ta manta fensir. Kafin ya gama wannan, bakwai da rabi ta gota. Sai ya zura silifas, ya tayar da babur, ya ce, "Hau mu tafi."

Kayan da ya kwana da su, da su yake fita: tsohuwar jallabiya ruwan ƙasa da wanki ya sa ta ɗage, da wandon barci mai ratsin shuɗi da fari wanda ƙaninsa Abdulfattah ya kawo masa tsaraba daga Umara. In ya hau babur jallabiyar takan koma gwiwa, wandon ya fito fili. Sai ya sauke Adila ya dawo gida sannan yake wanka a natse, ya shirya, ya nufi inji.

Ba shi kaɗai ba ne. A bakin ƙofar makarantar kuɗin da Adila take, kullum safe akwai matan da ke zura hijabi a kan rigar barci, gefen rigar yana leƙowa ta ƙasa, akwai wani mai mota da ke zuwa da singileti da gajeren wando, wani lokacin ma da asuwaki a bakinsa.

Wata Laraba Adila ta kawo takarda daga shugabar makarantar, Malama Hajo Tukur. Takardar ta ce daga mako mai zuwa ba za a karɓi yaro daga hannun duk wanda ya zo da kayan barci ba, uba ne ko uwa, kuma za a tattauna maganar a taron iyaye ranar Asabar. Malam Inuwa ya karanta, ya yi dariya, ya miƙa wa matarsa.

"Da kai ake fa, Malam," in ji Ummussalma.

"Na sani. Shi ya sa zan je."

Ranar Asabar ajin da aka yi taron ya cika, iyaye sun matsu a kan bencinan yara. Malama Hajo, doguwar mace mai tabarau wadda ba ta ɗaga murya, ta yi bayaninta. Ta ce yaro da ido yake koyo kafin ya koya da kunne. Ta ce suna korar ɗalibi in ya zo da riga a yamutse, sai ga wanda ya kawo shi ko fuska bai wanke ba.

Malam Inuwa ya ɗaga hannu, bai jira an ba shi dama ba ya miƙe.

"Malama, Allah ya saka miki da alheri, muna ganin ƙoƙarinki a kan yaran nan. Amma ina da tambaya. Tun da Adila ta shigo makarantar nan, sau nawa ta makara?"

"Ban tuna ta taɓa makara ba."

"An taɓa ganin kayanta babu guga?"

"A'a."

"To ni nake gogewa. Ni nake dama kunun, ni nake haɗa jakar. Uwarta tana Auyo tana karɓar haihuwar 'ya'yan mutane. Idan na tsaya wanka da zaɓen hula, wallahi sai takwas da rabi za ku gan mu. Jikina a rufe yake, da jallabiyar nan nake sallar asuba a sahun gaba, liman bai taɓa mayar da ni gida ba. Sannan ni ba na shiga makarantarku. A titi nake tsayawa. Daga ƙofa zuwa ciki naku ne, ku sa dokar da kuka ga dama. Daga ƙofa zuwa waje kuwa titin kowa ne."

Ajin ya kaure da hayaniya. Wata mata daga baya ta ce, "Faɗa musu dai, Malam! Yara huɗu nake shiryawa ni kaɗai." Da aka ce a ɗaga hannu, masu goyon bayansa suka rinjaya nesa ba kusa ba. Aka tsaya a kan cewa duk mai shiga harabar makaranta sai ya zo da cikakkiyar shiga, amma wanda zai sauke yaro a bakin ƙofa ba ruwan kowa da shi. Malama Hajo ta rubuta abin da aka yanke. Malam Inuwa ya fito mutane suna miƙo masa hannu.

Ranar Litinin ya fito da wandonsa mai ratsi kamar kullum, har ya danna wa maigadin makarantar, Baba Mala, ham sau biyu.

Ranar Laraba, suna kaiwa gindin wata bishiyar maina da ke kwanar layin makarantar, Adila ta taɓa bayansa.

"Baba, sauke ni a nan."

"Me ya sa? Ga ƙofa can."

"Ina so in taka ne."

Ya sauke ta, bai kawo komai a ransa ba. Washegari ma haka, ranar Juma'a ma haka. Ya ɗauka ƙawa ta yi a layin.

A mako na gaba, ranar Talata wajen ƙarfe goma, yana tsakiyar aiki, an kawo buhunan shinkafar rani daga Kirikasamma sun cika rumfa, sai wayarsa ta yi ƙara. Malama Hajo ce. Ta ce ya zo yanzu, Adila ta mari wata yarinya.

Ya bar aikin a hannun abokin aikinsa Shu'ibu, ya kakkaɓe ƙaiƙayi daga hularsa, ya tafi. A ofis ya tarar da Adila tsaye a jikin bango, hijabinta ya karkace, idanunta jawur amma ba ta kuka. Bai taɓa jin ta daki ko kaza ba.

Malama Hajo ta ce wa Adila ta jira a waje. Sannan ta cire tabarau ta ajiye a kan tebur.

"Malam Inuwa, ba na kira ka don in rama abin da ya faru a taro ba ne. Ka yi magana, ka yi rinjaye, an gama. Amma gara ka ji daga bakina. Yara sun sa maka suna. Bai-Farka-Ba suke ce maka, ita kuma 'yar Bai-Farka-Ba. An fi wata biyu ana yi. Na hana, na hukunta, in na juya baya su ci gaba. Bayan taron nan abin ya ƙaru, don wasu iyayen sun koma gida sun ba da labari a gaban 'ya'yansu."

"Wata biyu?"

"Da na rubuta takardar nan, Adila tana cikin yaran da nake tunani. Ba zan iya faɗar sunanta a gaban jama'a ba."

Ya waiwaya wajen ƙofar da Adila ta fita.

"Yau me ya faru?" ya tambaya.

"Wata ta zana mutum a kan babur da wando mai ratsi a bangon littafinta. Adila ta ce mata, babana ya riga babanki tashi, shi yake goge mini kaya, naki kuwa har yanzu yana kwance. Sannan ta mare ta. Dole in hukunta ta, za ta yi sharar aji kwana uku. Ita ma mai zanen haka."

"Daidai ne," in ji shi. "Ki hukunta ta."

Da aka tashi, shi ya je ya ɗauko ta. Maimakon gida, sai ya bi da ita hanyar bakin kogi, ya tsayar da babur a inda masunta ke ɗaure kwalekwale. Ruwan ya ja baya sosai, wasu mata suna wanki a can ƙasa, wani dattijo yana gyaran koma a inuwa. Ya sayo rake ya fere mata, suka zauna a kan wani kifaffen kwalekwale.

"Mari ba kyau," ya ce.

"Na sani, Baba."

"Gobe ki ba ta haƙuri."

"To."

"Me ya sa ba ki gaya mini ba tun farko?"

Ta daɗe tana tauna raken. "Ai kai ne da gaskiya. Umma ta ce duk taron kai aka bi."

"Ba wannan na tambaye ki ba. Kunya nake ba ki?"

"Ba kai ba," ta faɗa da sauri. "Wandon."

Dariya ta kusa ƙwace masa, ya danne don ya ga ita da gaske take. Ya tambaye ta me take so ya sa. Ta ce ko kayan da yake zuwa inji da su ma sun isa. Ya ce to akwai matsala, safiya guda ce, ba za ta ishe shi guga da kunu da wanka ba. Adila ta ce ita za ta riƙa haɗa jakarta tun da yamma, in kuma ya koya mata guga za ta yi da kanta bayan la'asar. Ya ce dutsen gawayi ba abin wasa ba ne. Ta ce ta fi shekara tana kallon yadda yake yi.

A ranar suka fara. Ya tsaya a kanta tana guga, ta ƙona gefen aljihun riga kaɗan, ya nuna mata yadda ake gwada zafin dutse a kan tsumma kafin a ɗora a kaya. Ummussalma ta dawo daga Auyo ta tarar da su a tsakar gida, ta ji labari, ta dube shi kawai.

"Kada ki ce komai," in ji shi.

"Ni na ce wani abu?"

Washegari Adila ta fito da jakarta ta tsaya cak. Babanta yana tsaye kusa da babur cikin babbar riga ta shadda fara, mai aiki har ciki, wadda ya ɗinka don bikin Abdulfattah, ga hula zanna, ga takalmi sau-ciki, ga ƙamshin turare ya cika zaure.

"Baba! Wannan ai ya fi wancan muni!"

"Ke kika ce in sa kaya."

"Za su ce ɗaurin aure za ka!"

"Su faɗa. Yau dai su ga na farka. Hau mu tafi."

Haka suka ratsa gari, iska tana cika babbar rigar, masu adaidaita suna ɗaga masa hannu, Adila ta ɓoye fuska a bayansa tana dariya har tana shaƙewa. Da suka kai kwanar layin ya rage gudu yana jiran ta taɓa shi. Ba ta taɓa ba. Ya kai ta har bakin ƙofa.

Baba Mala ya miƙe daga kujerarsa ya ce, "Ranka ya daɗe, yau ina aka nufa?"

"Nan aka nufa, Baba Mala."

Malama Hajo tana tsaye daga ciki tana karɓar yara. Ta dube shi daga hula har takalmi.

"Malam Inuwa, ashe dai ka bi doka."

"Ban bi ba, Malama. Abin da na faɗa a taro yana nan, ko gobe aka sake zama shi zan maimaita. Matar nan mai yara huɗu, kada wanda ya takura mata. Wannan tsakanina da 'yata ne."

"Na ji," in ji ta. "Allah ya ba da sa'a."

Daga ranar ya koma sa kaftani da hula, ya daina komawa gida bayan ya sauke ta, sai ya wuce inji kai tsaye. Sunan bai mutu nan take ba, ya ɗan ja har ƙarshen zango, amma Adila ta daina kulawa, yaran kuma suka gaji. Wasu iyayen sun ci gaba da zuwa yadda suka saba, bai taɓa ce wa ɗayansu uffan ba.

Abin da bai yi tsammani ba shi ne yanzu yana riga kowa buɗe rumfa a layin masu inji. Manoman da ke isowa da sassafe daga Auyo da ƙauyukan fadama, waɗanda a da sukan zauna a kan buhunansu suna jira har tara, suka gane akwai injin da ke tashi takwas saura. Cikin mako uku sai da ya ce wa Shu'ibu ya nemo musu ƙarin mutum ɗaya mai ƙarfin ɗaukar buhu.