Gurbin Awarwaro

Ita ta zaɓi bencin, ba shi ba. Akawu bai taɓa musun haka ba. A iya saninsa, abu mai kyau ɗaya ya taɓa zaɓa da kansa, wato matarsa, ita ɗin ma yana zargin ita ta zaɓe shi.

Ranar da suka je shagon, na ƙarfe ya nuna. Ta ce ƙarfe da rana ƙuna, da damina tsatsa. Ta bi na katako tana zama a kan kowanne, tana jijjigawa ta ji ko zai yi ƙara, tana leƙa mahaɗar ƙafafu. Da ta iso kan na wani katako da ake kira tik, ta sunkuya ta shinshina, ta ce ya ɗaga gefe ɗaya ta ga nauyinsa. Ya ɗaga, bayansa ya amsa.

"Wannan za mu ɗauka," ta ce. "Mansa a jikinsa yake, ruwa ba ya cin sa. Wanki kawai yake so. Zai yi furfura, ka ƙyale shi ya yi."

Ya kuwa yi. A tsakar gida, ƙarƙashin bishiya, launin zuma ya koma ruwan toka, kawunansu ma suka bi sahu. Ita a hagu take zama, ta ɗora damtse a hannun bencin. Man shafawarta ya rina wurin, ya zama nan kaɗai ne bai yi furfura ba.

Bayan rasuwarta, Akawu ya fara tsoron ruwan sama. Ko yayyafi aka yi sai ya fita ya duba ko tabon ya dushe. A ƙarshe ya sayo man sheƙi irin na kafintoci, ya shafe bencin kakaf, ya sake, ya ƙara, kamar yadda a ofis yake maimaita hatimi don kada a ce bai buga ba.

Damina ta tona masa asiri. Man ya tsattsage, ruwa ya shige ƙarƙashi ya rasa hanyar fita, baƙar hunhuna ta bazu har kan hannun hagu. Dole ya kira Auta, ƙanin marigayiya, wanda kafinta ne.

Auta ya zagaya bencin yana riƙe da haɓa.

"Mijin Yaya, wa ya yi wannan ɗanyen aikin?"

"Wani mutum ne."

"In ka gan shi ka ce ya koma kan takarda. Sai an kankare duka, a goge da samfefa."

"Ban da hannun nan."

Auta ya dubi wurin, ya daina dariya. Shi ma ya san tabon.

"In na bar shi, baƙin nan zai cinye shi. In na goge, zai tafi. Ka zaɓa."

Akawu ya daɗe a tsaye. Da ma zaɓi ba fanninsa ba ne. Can ya miƙa hannu.

"Ba ni samfefar. Ni na ɓata."

Auta ya kama sauran bencin, Akawu ya zauna da hannun hagu. Yana gogawa a hankali, yana bin layin katakon kamar yadda aka nuna masa. Man sheƙi ya fita, baƙin ya fita, tabon ma ya bi su, ya zama gari a kan wandonsa. Bai kakkaɓe ba.

Da ya shafa don ya ji ko ya yi sumul, sai yatsansa ya faɗa wani ɗan kwarmi a bakin katakon. Ido ba ya ganinsa. Nan awarwaronta yake goga, shekara da shekaru.

"Auta, zo ka taɓa nan."

Auta ya taɓa, ya juya baya, ya ce garin katako ne ya shige masa ido. Da ya gama share fuska ya tambaya, "To me za a shafa masa yanzu?"

"Ba komai. Ta ce a ƙyale shi."

Hadari na haɗuwa Auta ya tattara kayansa ya tafi. Akawu ya koma dama, wurin zamansa, ya miƙa hannu ta kan wurin da babu kowa, ya sa yatsa a kwarmin. Aka fara yayyafi, bai tashi ba.