Zakkar da Na Shuka

Duk wanda ya ce ɗan'uwa rabin jiki ne, a tambaye shi wane rabin. Ni nawa, Yaya Badaru, shekara shida ya yi yana zaune daram a kan gonar ubanmu. Mu biyu kaɗai Baba ya bari, ni Barira da shi, kuma ko yaron goye ya san rabon: kashi biyu nasa, ɗaya nawa. Lokacin da mijina Ɗanliti yake raye ban damu ba. Da ya rasu, danginsa suka karɓe gandunsu, suka bar ni da 'ya'ya mata biyu, Luba da Fadima, sai na fara yi wa Yaya maganar. Amsarsa ɗaya ce kullum, wai in bari a ga damina.

Shekarar da ta biyo bayan farin tamanin da huɗu, azumi ya faɗo a daidai lokacin da rumbuna suka koma ɗakin ɓeraye. An yi ruwa ɗaya, mutane suka ruga suka yi shuka, rana ta ƙone ta ƙurmus. Masu ɗan abin hannu suka ajiye sauran iri suna jiran ruwa na biyu. Mu kuwa tuni mun cinye namu irin, muna buɗa baki da kwaɗon rama da dusa.

To amma Inna, Allah ya jiƙanta, ta koya mana cewa ba a shiga gidan ɗan'uwa da Sallah hannu rabbana. Ba ni da ko kwabo. Sai na ɗauko tsohuwar babbar rigar Ɗanliti, na zauna na warware zaren aikinta ɗaya bayan ɗaya, na wanke, na ɗinka wa Yaya hula. Wata biyu ina kanta har idanuna suna ruwa. Matarsa Furera na daka mata lallen bishiyata, yara kuma na dunƙula musu garin ɗorawa. Ba zan ɓoye ba, da biyu na yi. Na ce in ya sa hular ransa ya yi sanyi, sai in sake roƙonsa gonar, don in ban yi shuka a wannan daminar ba, ban san wadda zan fara binnewa a cikin 'ya'yana ba.

Ranar jajibere da hantsi na same shi a ƙofar gida kan tabarma, buhu a gabansa, yana auna zakkar fidda kai. Mabuƙata sun yi layi har bakin rijiya, Liman Malam Khalilu na gefe yana sa albarka. Na durƙusa na gaishe shi, na ajiye ƙwaryar da na zubo lallen da ɗorawar a ciki, na miƙa hular da hannu biyu.

Ya juya ta, ya shinshina, ya ce, "Wannan ai zaren rigar mamaci ne, Barira."

Ya cusa ta ƙarƙashin buhun don kada ya zame. Sannan ya ɗaga murya yadda na ƙarshen layi zai ji. "Kawo ƙwaryar nan. A auna mata na mutum uku, ita ma mabuƙaciya ce."

Ni, 'yar Muhammadu Sani, a ƙofar gidan da aka yanke mini cibiya, da geron da ya fito daga gonar ubana. Na tsani Yaya a wannan lokacin, tsana ta gaske, kuma ban nemi tsari daga Shaiɗan ba. Na zazzage lallen da ɗorawar a gefen tabarma, na tara ƙwaryar, ya auna ya zuba. Na ce, "Allah ya karɓa, Yaya." Liman ya ce amin, duk layin suka ce amin.

Da na isa gida Fadima ta ga gero, ta hau tsalle, za a yi tuwon Sallah. Luba har ta jawo turmi. Na ce ta mayar da shi inda ta ɗauko. Na zauna ina kallon ƙwaryar nan, gero ne mai kyau, tsabarsa a cike, irin wanda Baba yake zaɓa tun yana zangarniya. Bayan la'asar hadari ya haɗo daga gabas, aka sheƙe da ruwa kamar da bakin ƙwarya, ruwan da aka yi kwana arba'in ana roƙo. Ina tsaye a bakin ɗaki ina jin ƙamshin ƙasa, sai dabara ta faɗo mini. Na leƙa ta katanga na ce wa maƙwabciyata Maijidda ta ara mini sungumi.

Mutanen ƙauyenmu garin Kunci suke zuwa sallar Idi, kuma ba sa dawowa sai sun gama gaishe-gaishen dangi, wajen la'asar. Ƙurarsu na bajewa muka fita. Gonar Baba da ke hannun Yaya tana nan fayau, shukarsa ta farko ta mutu, yana jiran washegarin Sallah ya maimaita. Na taka ta da ƙafa na ware kashi ɗaya cikin uku, kuma ban zaɓi gefen tsakuwa ba, Allah ya kiyaye. Bakin hanya na ɗauka, ƙarƙashin gawo, inda shanun Fulani suka kwana duk rani suka zuba taki.

Ina sara da sungumi, Luba tana bina tana jefa iri tana rufewa da diddige. Fadima ta zauna a gindin gawo tana kuka, tana cewa yau Sallah, kowa yana cin tuwo. Kukan nan ya fi sungumin nauyi. Sau biyu Luba ta dube ni da gero a tafin hannunta, na san abin da take so ta ce, na ce ta jefa. Ranar da Allah ya haramta azumi, mu da ruwan tulu da guntun ɗorawa muka wuni.

Muna kan kunya ta ƙarshe masu Idi suka ɓullo, farare tas, Yaya a gaba da sabuwar shadda, Liman a gefensa. Ya tsaya turus. Ya tattare riga ya shigo gonar, jama'a suka biyo shi.

"Wa ya ba ki izinin taɓa mini gona?"

"Barka da Sallah, Yaya."

"Gobe da sassafe zan sa garma in kife ta. In kuma na ga dama in bar ta ta nuna, in yanke abina."

Ban kula shi ba. Na gyara mayafi na durƙusa a gaban Liman. "Allah gafarta Malam, tambaya gare ni, ni jahila ce. Mutumin da ya fidda zakka ya ba mabuƙaci, yana iya dawowa ya ci ta?"

Malam Khalilu ya ce, "Ba ya yiwuwa. Abin da aka bayar don Allah ya bar hannun mai shi har abada."

"To in ya tone ta daga ƙasa ya watsar fa?"

"A shekara irin wannan? Wa zai yi haka ya kwana lafiya?"

Na kifa ƙwaryar a gabansu, ba ko ƙwaya. Na ce, "Geron da kuke takawa zakkar Yaya ce ta jiya, ta mutum uku. Kai ka sa mata albarka, Malam."

Wasu suka fara ɗaga ƙafa suna duba inda suka taka, suna ja da baya zuwa hanya. Yaya ya ga ya shiga tsaka mai wuya. In ya kife shukar, ya wulaƙanta zakkarsa a gaban gari. In ya yanke ya kai rumbu, har jikokinsa sai an kira su jikokin wanda ya ci zakkarsa. Liman ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya yi tambayar da shekara shida babu namijin da ya yi ta.

"Badaru, wai gonar marigayi an raba ta kuwa?"

Kwana uku bayan nan dagaci ya zo da igiya aka auna. Yaya ya yi ta kumfar baki, wai na ɗauke wuri mai taki na bar masa tsakuwa. Dagaci ya ce shi bai ga yadda za a tashi iri daga inda ya riga ya kwanta ba, aka dasa gamba a kan iyaka.

Kafin geron ya nuna mun sha wuya, ba ƙarama ba. Fadima ta rame har wuyanta ya yi tsawo, na yi surfe a gidajen mutane don a ba ni dusa. Yaya bai sake yi mini magana ba, ya kuma hana Furera zuwa gidana. Mutane suna cewa in je in ba shi haƙuri, zumunci ya fi gona. Haƙurin me? Su je su ba shi, ni ban ajiye ko kaɗan ba.

Abin da bai lura da shi ba ranar awo, hanyar shiga tasa gonar ta cikin tawa ta ratsa. Kullum da safe sai ya bi ta tsakiyar geron nan, wanda ya yi tsawo har ya shanye kansa, zangarniya na dukan kafaɗarsa. Ni kuwa ba na fashi, ina gindin gawo da fartanyata ina jiransa. In ya zo daidai ni sai in durƙusa har ƙasa, yadda ƙanwa take yi wa wanta, in ce, "Ina kwana, Yaya. Ka ga yadda zakkarka ta yi albarka?"