Tabon da Ya Ƙi Fita a Gilashin Baba Sannu

"Tela, zo ka duba min nan," in ji Baba Sannu, yana nuna gilashin motarsa da ɗan yatsa. "Wannan ja'irin ƙwaron ya ƙi fita."

Na ajiye almakashi na tsallako titi. Shagona yana kallon ƙofar gidansa ne tun kafin a zuba wa layinmu kwalta. Na sunkuya na duba inda ya nuna, daidai saitin sitiyari. Wallahi gilashin nan tas yake, har furfurata ina gani a ciki.

"Ina yake, Baba?"

"Ga shi nan kamar ƙwayar wake! Kai da kake zura zare a allura, wannan ne ya gagare ka gani?"

Na ce rana ce ta kashe min ido. Ya ja tsaki, ya sake tsoma tsumma a bokiti ya shimfiɗa a wurin.

Direbobi 'yan'uwansa ne suka laƙaba masa Baba Sannu, don ko mai keke yana iya wuce shi a hanya ya ɗago masa hannu. Tuƙi ya yi wa wani kamfani har ya yi ritaya, suka bar masa tsohuwar motar nan ruwan toka. Ni dai ban taɓa ganin mutumin da ya tsani mushen ƙwaro a jikin mota kamarsa ba. In ya dawo daga tafiya, ko takalmi ba ya cirewa. Matarsa, wadda duk layi muke kira Inna, za ta leƙo ta ce abinci na hucewa, ya ce ya huce, fenti ba ya jira. A cewarsa ruwan cikin ƙwaro yana da kaifi, in rana ta gasa shi a jikin bonet sai ya ci fenti ya bar zane har abada.

Kuma ba ya gurzawa. Ruwan ɗumi da ɗan sabulu, sai ƙyallaye masu laushi da nake tara masa daga ragowar ɗinki. Zai jiƙa su ya lulluɓe gilashi da fitilu da bamba, kamar mai jinyar zazzaɓi, sannan ya ja benci mu zauna.

"A bar su su sha ruwa," haka yake cewa. "Da kansu za su saki."

A zaman jiran nan na san rabin duniya ba tare da na bar shagona ba. In ya ɗaga ƙyalle sai ya riƙa nuna min. Wannan rawayan ƙudan zuma ne, wajen gonakin da ke bayan gada. Wannan koren fara ce. Wannan mai ƙurar fiffike malam-buɗe-littafi ne, Allah sarki, shi kam tausayi yake ba shi. Ranar da surukinsa ya zo neman auren 'yarsa ya ɗauko soson ƙarfe zai taya shi, na ɗauka auren ne zai mutu a wurin. Sai da Inna ta fito ta ba da haƙuri.

To, ranar da nake ba ku labari, babu inda ya je. Motar ta kwana biyu a tsaye, amma kullum da safe yana kan wuri ɗaya yana jiƙawa yana gogewa.

Da yamma autarsa ta shigo shagona, wai ta kawo gyaran zane. Ko buɗe ledar ba ta yi ba ta fashe da kuka.

"Kawu Tela, idonsa ne. Likita ya ce ciwon sukarin da yake fama da shi ya taɓa ido, kuma ƙaruwa zai yi. An faɗa masa, ya ce likitan yaro ne. Ga shi matar Yaya ta haihu, Baba ya rantse shi zai tuƙa Inna su je ganin jariri. Tafiyar yini guda ce fa, Kawu, hanyar manyan motoci. Mun yi mun yi ya ƙi. Kai kaɗai yake jin maganarka."

Na ce to. In na yi shiru, tsoho da tsohuwa za su hau titi da rabin ido. In na yi magana, na raba mutum da abin da ya sani tun yana saurayi. Ranar sai da na ɗinka hannun riga a baibai.

Washegari na ɗebi sababbin ƙyallaye na same shi. Muka jiƙa tare, muka lulluɓe, muka zauna a benci. Da lokaci ya yi ya ɗaga, ya share a hankali, ya ja baya ya ƙura ido.

"Ka gani ko? Yana nan."

"Baba," na ce, "juyo ka dubi bangon shagona."

"Me zan gani a bangonka mai datti?"

"Ka dai duba. Yana can ma?"

Ya duba. Ya daɗe yana dubawa. Sannan ya ɗaga kai ya kalli sama, ya sauke ya kalli tafin hannunsa. Ruwa na ɗiga daga tsumman yana jiƙa masa bakin wando, bai ko kula ba.

"Har a fuskarka yake, Tela," ya ce a hankali. Can sai ya yi 'yar dariya. "Na sani fa. Tun tuni na sani. Cewa na yi ko da rabon wata safiya in goge ya fita."

Ya laluba aljihu ya ciro makulli, ya ƙwala wa Inna kira, ya danƙa mata.

"Ki ba wa mai soson ƙarfen nan. Ki ce masa in ya yi gudu da ita ban yafe ba."

Surukin ne ya kai su. Baba Sannu ya zauna a gefen direba, da suka isa ya riƙe jikansa ya shafa kansa, suka dawo lafiya. Motar ta dawo gabanta caɓa-caɓa da ƙwari, damina ce. Aka fito masa da kujera, ni da surukin muna jiƙawa, shi yana ba da umarni. Da muka ce mun gama, sai ya miƙe ya bi bonet da tafin hannu, a hankali, daga wannan gefe zuwa wancan.

"Ga ɗaya nan. Ga wani. Ku masu ido, me kuke yi da shi?"

Muka duba, wallahi suna nan, ƙanana kamar bakin allura. Muka yi ta dariya, har Inna da ke bakin ƙofa.

Daga nan jikin ya fara ja baya. Ƙafa ta kumbura, fitowa ta gagara. Ina shiga in zauna a bakin gadonsa, ya tambaye ni ko an yi ruwa, ko fara ta fito bana. Wata safiya ina buɗe shago na ji salatin Inna daga cikin gida. Na tsaya da kwaɗo a hannu, na san Baba Sannu ya tafi. Allah ya jiƙansa. Na yi kewarsa fiye da yadda na zata, har yau in na yanka yadi mai laushi sai na ga hannuna ya ware ragowar gefe.

Bayan an watse daga zaman makoki, surukin ya zo ya tafi da motar, a hankali kamar yadda aka ce masa. Sai a lokacin na lura da wata 'yar ciyawa da ta bi gefen kwalta, siririya, daga inda motar ke tsayawa har bakin kwata, duk hanyar da ruwan wankinsa yake bi. Ko'ina a layin ya bushe, ita kaɗai ce kore. Ina zaune a kan keken ɗinki ina kallonta kullum, tana yin rawaya daga can ƙarshe, tana tahowa wajen ƙofar gidan.