Kusurwa ta Huɗu a Makarar Chacha Irshad

Jama'ata, barkanmu da war haka. Mai shan shayi ya ajiye kofi, mai faɗa da matarsa ya ɗan tsagaita wuta. Yau labarin layinmu na nan ƙasar Hindu na kawo muku, Layin Marina, inda ko akuya sai ta karkace take wucewa.

Makara tana ƙofar gida, an lulluɓe gawa da koren mayafi, mutum uku suna tsaye suna kallon juna. Ga Kallu wanzami, gajere kamar turmi. Ga Ladan Mastan, wanda in ya yi tari sai ka ɗauka gado ake ja. Ga Birju Yadav, ɗan Hindu, abokin aikin mamacin, ya zo da farar riga ba kaki ba. Makara kuwa kusurwa huɗu gare ta.

Tabassum, 'yar mamacin tilo, tana bakin ƙofa tana duban shagon shayin Nanhe. Maza sun cika bencuna, amma yau kowa ya sami abin kallo a ƙasan kofinsa.

Bari in ɗan mayar da ku baya. Mamacin, Irshad Ansari, wanda kowa ke kira Chacha, wato Baffa, ɗan sanda ne, ya tsufa cikin kaki bai wuce igiya biyu ba, kuma a layin nan aka yanke masa cibiya. Daminar bara wasu manya suka zo da labarin wai akwai 'yan ta'adda a benen Haji Waseem, a ɗakin da ɗalibai biyu suke zaune. Lungunanmu ko taswira ba ta san su ba, sai aka ce Irshad ya shige gaba. Shi ya ƙwanƙwasa. Yaran suka ji muryar da suka sani, suka ce, "Chacha ne," suka buɗe. Abin da ya biyo baya, bangon ɗakin har yau ramukan harsashi ne, yaran kuwa ba wanda ya fito da rai. Ɗaya daga cikin yaran ɗan ƙanwar Haji Waseem ne.

'Yan sanda suka ce sun sami bindiga. Unguwa ta ce da abarsu suka zo. Aka yi zanga-zanga, aka ƙone mota, talabijin ta yi ta haushi. Da wuta ta kusa gemun manya, sai suka dakatar da Irshad, wanda ko harsashi ɗaya bai harba ba. Su manyan kuwa gari kawai aka canja musu.

Layi ma ya yanke nasa hukuncin: ba mai amsa masa sallama. Kun zaci ya ɓuya? Kullum da hantsi sai ya tsaya gaban shagon Nanhe ya buɗe murya.

"Assalamu alaikum, ƙungiyar kurame."

"Abbu, ka ƙyale su mana," in ji Tabassum.

"Beti, 'yata, sallama tawa ce, amsa tasu. Kowa ya riƙe kayansa."

Da ciwon zuciya ya kwantar da shi, tana ba shi romon wake a cokali ta yi masa tambayar da ta daɗe a maƙogwaronta.

"Abbu, ka san harbi za su yi?"

"Ce mini aka yi tambayoyi za a yi wa yaran." Ya ture cokalin. "Amma muryata ce ta buɗe ƙofar. Wannan ba sai wani ya tuna mini ba. Ki ji, in na tafi kada ki roƙi kowa kafaɗa. In ba a samu ba, ki ɗora ni a amalanken mai albasa, na saba da warin."

To, mu dawo ƙofar gida. Ana cikin tsayuwar nan sai ga motar 'yan sanda ta toshe bakin layi. Wani sufeto mai gashin baki kamar tsintsiya ya taho da kurata huɗu, da rawayen furanni, da mai ɗaukar hoto a bayansa.

"Beti, Allah ya ba ki haƙuri. Mamacin namu ne. Ga samari, su za su ɗauke shi."

"Naku ne?" Tabassum ta ƙare masa kallo. "Sahab, yallaɓai, yana kwance yana neman numfashi ko lemo ɗaya ba ku aiko ba. Yau da ba ya iya magana ya zama naku?"

"Ki duba, ba ku cika huɗu ba."

"In mai hoton nan ya koma mota, kuratan suka cire kaki kamar Chacha Birju, sai mu yi magana."

Sufeto ya dubi mai hoto, mai hoto ya dubi sama. Ba wanda ya cire komai.

Daga benci wani ya ce, "Ki bar su su kwashi kayansu mana."

Kun dai san al'adarmu: in makara za ta wuce, ko maƙiyinka ne a ciki, ka miƙe ka ba da kafaɗa ko 'yan taku ne. Mace kuwa ko bakin layi ba ta rakiya. Tabassum ta zagaya mayafinta ta ɗaure shi tamau a ƙugu, ta sauko, ta durƙusa a kusurwar gaba ta dama.

"Beti, wannan bai kamata ba," in ji Ladan Mastan.

"Na sani, Chacha. Abin da ya kamata ga shi can yana shan shayi. Bismillah, ku ɗaga."

Suka ɗaga. Birju dogo, Kallu gajere, makara ta karkace kamar rikisha, keken ɗaukar fasinja, mai faci.

"Yadav-ji, ka rage tsawo mana," in ji Kallu yana nishi.

"Kai ka ƙaro naka. Irshad, ko a mace sai ka ba ni aiki."

Suka fara tafiya. Katakon ya nutse a kafaɗarta, ta cije leɓe. Mata suka leƙo ta tagogi, wata ta toshe baki da hannu. Da suka zo daidai shagon, sai benci ya fara ƙara, mutane suna miƙewa ɗaya bayan ɗaya, don ƙafa ta saba tun kafin zuciya ta yarda.

Haji Waseem ya fito tsakiyar hanya. Gemunsa ja da lalle, idonsa ya fi gemun ja.

"Saki, yarinya. Kada a ce a layinmu mace ta ɗauki gawa maza suna kallo."

"Ai an riga an ce, Haji sahab."

"Kin san abin da ubanki ya yi mini."

"Na sani. Shi ma ya sani, da shi ya kwanta, da shi ya tafi. Ban roƙe ka ba, ya hana ni." Ta gyara katakon. "Wannan kusurwar tawa ce. Akwai uku, in kana so ka zaɓa. In ba ka so, ba ni hanya, yana da nauyi."

A baya gwiwar Ladan Mastan ta soma lanƙwashewa, makara ta yi ƙasa ta gefensa. Haji Waseem ya kauce daga gabanta. Ya zagaya, ya sa hannu ya janye tsohon, ya shigar da kafaɗarsa. Ba ya kallon gawar, ba ya kallon kowa.

Daga nan aka shiga karɓa-karɓa. Nanhe ya karɓi Kallu, wani tela ya karɓi Birju. Duk wanda ya matso kusurwarta, kai kawai take girgiza masa. Suka ratsa ta gefen motar, kuratan suka manne da bango, furanninsu a hannu.

A ƙofar maƙabarta ta tsaya da kanta. Birju ya sa kafaɗa a wurinta, ta zame a hankali, maza suka shige da shi.

Ta zauna a kan dakalin mai gadi, ta kwance mayafin daga ƙugu ta rufe kanta. Takalminta ɗaya ya tsinke a hanya, ba ta ma san inda ya faɗi ba. Daga bayan katanga ta ji liman yana cewa a daidaita sahu, sai ƙarar ƙafafu masu yawa a kan busassun ganye.