Wutsiyar Matan Aure

Ana jibi bikin al'adu na makarantar cocinsu a Kafanchan, Angelina ta gama ɗinka wutsiya ta ƙarshe. Ba wutsiyar dabba ba ce. Ado ne na zaren kaba, mai faɗin baki kamar ƙaramin faifai, wanda matan zamanin da suke ɗaurawa a bayan ƙugu. A wani tsohon hoto shugabar makaranta ta gan shi, ta ce a yi wa 'yan mata masu rawa irinsa.

Keken ɗinki ba ya cin kaba. Da basilla ta yi aikin, tana naɗe zaren, tana jera duwatsun ado a bakinsa. Yatsunta sun tsattsage, idonta na dama yana ruwa tun makon jiya.

Da yamma surukarta ta iso daga Fadan Kaje da buhun citta. Tsohuwar ba ta gani sosai. Ta laluba tarin da ke kan tabarma, ta ɗauki ɗaya, ta juya shi a hannu.

"Aikin ya yi kyau. Wa zai sa?"

"Su Edna, Mama. 'Yan aji uku."

"Edna jikata? Wa ya aure ta ban ci shinkafa ba?"

"Rawa ce kawai, Mama."

"Rawa! A wurinmu sai an kai mace gidan miji ake ɗaura mata wannan. Yarinya igiya take sawa. Ki fitar da su haka, tsofaffi za su tambayi sunan mazajensu."

Angelina ta dubi tarin. Ta kira Mama Bridget, shugabar Zumuntar Mata, ta faɗa mata a waya.

Mama Bridget ta zo da kanta, tana haki. Ta saurari tsohuwar, ta yi dariya har ta zauna a kan buhun citta.

"To, mu ba matan aure ba ne? Mu za mu sa, a kan zane. Yara su sa igiyarsu. Aikinki ba zai lalace ba, Maman Edna."

Ta ɗauki ɗaya ta gwada. Igiyar ta tsaya a rabin hanya.

"Ja ciki, Bridget," in ji tsohuwar.

"Mama, haihuwa shida. Ina zan ja shi ya je?"

Duka igiyoyin a ƙugun 'yan mata aka auna su, kuma kowace an ɗinke ta cikin gindin adon. Sai an farke gindin kafin a sa wata doguwa.

Angelina ta tambaye ta mata nawa ne za su yi rawar. Mama Bridget ta fara kiran sunaye, tana nuna faɗin kowace da hannuwa biyu. Angelina ta goge idonta da bakin zane, ta jawo kujera kusa da ƙofa inda akwai sauran haske, ta ɗauki reza.