Fitilar da Na Kashe

Na kwance noti na huɗu, na zaro ƙwaƙwalwar motar daga ƙarƙashin sitiyari, na ɗora ta a kan bencin gareji. Ɗan akwati ne na ƙarfe, bai fi tafin hannu biyu ba, duk ƙura da maiƙo. Shekara goma sha tara tana kula da injin wannan tsohuwar bas, tana auna masa mai da iska, yau kuma ga mu mu uku a tsaye a kanta, an yanke mata hukunci tun kafin a ji ta bakinta.

"Ga munafukar nan," in ji mai makarantar da ke da motar, yana nuna ta da makullin motarsa don kada maiƙo ya taɓa masa hannun riga. "Wata biyu tana kunyata ni. Motar ɗaukar ɗalibai tana tafiyar hawainiya, mai keke ya wuce ta, iyaye su dame ni da waya."

Kawu ya yi dariyar da yake ajiye wa manyan baƙi. Ƙanin mahaifiyata ne, garejin nasa ne, shi ya riƙe ni tun ina shekara tara, shi kuma ya tura ni koyon aikin kwamfutar mota lokacin da kunnensa ya daina gane ciwon injinan zamani. Likita ake ce mini a garejin, saboda ba na taɓa mota sai na jona mata waya na ji abin da ke damunta.

Na kuwa ji tun da safe. Ƙwaƙwalwar nan lafiyarta ƙalau. Ciwon yana wurin da muke kira maƙogwaron injin, wato ɗan murfin da ke buɗewa ya ba inji iska idan direba ya taka totur. Ya cinye, wani lokaci yakan maƙale a buɗe. Duk sanda ƙwaƙwalwa ta ga ƙafar direba ta ce kaza, maƙogwaro kuma ya yi wani abu dabam, sai ta kunna fitilar gargaɗi a gaban direba, ta rage wa injin ƙarfi don kada motar ta ƙwace. Aikinta ke nan, kuma shi take yi.

Na faɗa musu haka, dalla-dalla.

"To, maƙogwaron kwana nawa?" in ji mai makaranta.

"Yallaɓai, irin na wannan motar ya ƙare a kasuwa. Sai an yi oda. Mako uku, in an yi sa'a."

"Masu duba lafiyar motoci jibi za su zo. Suna ganin fitilar nan za su karɓe takardarta." Ya ɗauko wata leda daga kujerar baya ya dire a bencin. A ciki wata ƙwaƙwalwar ce, ta hannu, daga wurin masu fasa motocin da suka yi hatsari. "An ce mini kai ne gwani. Ka sa wannan, ka koya mata makulli, sannan ka goge mata wancan wurin da ke kunna fitila. Ita tsohuwar an ce ba ta goguwa."

Gaskiya aka gaya masa, ba ta goguwa. Wanda ya ba shi wannan shawara ya san aiki, Allah ya isa tsakanina da shi.

"Yallaɓai, yara take ɗauka," na ce. "Har da 'yata."

"Ai shi ya sa na kawo maka, ban kai wa bare ba. Kai za ka yi da tsoron Allah." Ya duba agogo. "Kuma tsarewa ta Allah ce, Likita. Sabuwar mota fil ma tana faɗuwa."

Kawu ya ja hannuna zuwa bayan gareji, inda ake jibge tsofaffin tayoyi. Bai ɗaga murya ba, da ya ɗaga da na ji sauƙi.

"Ɗan nan, motocin makarantar nan huɗu ne, duk a nan ake gyaransu. Mutum bakwai ke cin abinci a ƙarƙashin rumfar nan. In ka ƙi, na tsallaken titi zai yi cikin rabin awa, kuma shi ko wanke maƙogwaron ba zai yi ba. Kai ka wanke shi tas, ka lallaɓa shi. Ni da kaina zan tsaya a kan odar." Ya kalli ƙasa. "Tun da na ɗauko ka, na taɓa roƙonka wani abu?"

Bai taɓa ba. Na koma na ɗauki ledar.

* * *

Aikin ba shi da wuya, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Na cire kan batir, na zura sabuwar ƙwaƙwalwa a mazauninta, na ɗaure notuna, na mayar da wayoyi. Na ɗora kwamfutata a kujerar direba na jona. Na shigar da lambar motar, na gabatar mata da makulli har ta yarda da shi, na bar ta ta koyi numfashin injin. Na wanke maƙogwaro da fetur da buroshi har ya yi ƙyalli, ina sane da cewa wanki ba ya mayar da abin da ya cinye.

Baba Direba yana zaune a kan taya yana kallona. Dattijo ne siriri, ya fi shekara ashirin yana jigilar ɗaliban makarantar, yara suna ce masa Sannu-Sannu tun kafin motar ta kamu da ciwo. Sai da ya tabbatar babu kowa kusa sannan ya matso.

"Likita, in gaya maka wata magana, ta tsaya a nan?"

"Ina ji, Baba."

"Sau biyu ta ƙwace mini kafin ta fara wannan rarrafen. Na ɗaga ƙafa, ita kuwa sai ƙara ihu take. Na biyun a bakin ƙofar makaranta ne, an tashi. Da ƙafa biyu na danne birki, wallahi har yau gwiwata ba ta daina ciwo ba."

"Ka gaya wa Yallaɓai?"

"In gaya masa ya ce tsufa ne, na fara rikita totur da birki? Ina da 'yan mata uku a gida." Ya share baki. "Ni dai da ta koma rarrafe, har sadaka na yi."

Na juya ga kwamfuta don kada ya ga fuskata. Jerin laifuffukan da ƙwaƙwalwa ke lura da su ya fito, layi-layi, kusan ɗari biyu. Biyu kawai nake nema, na maƙogwaro, waɗanda ke sa ta kunna fitila ta kuma rage wa injin ƙarfi. Na same su. Yatsana ya tsaya a kan maɓallin na ɗan lokaci, ina jin Kawu yana ba mai makaranta labarin yadda na fi kowa a ajinmu. Na danna, na sake dannawa.

Da na murɗa makulli, fitilar ta kama tare da 'yan'uwanta kamar yadda aka saba, ta mutu tare da su, ba ta dawo ba. Muka fita gwaji. Tsohuwar bas ta miƙe a titi kamar an rage mata shekara goma. Da muka dawo mai makaranta ya dafa kafaɗata, ya manta da maiƙo.

Kafin su tafi na riƙe ƙofar direba. "Baba, in ta sake, kada ka tsaya kokawa da birki kaɗai. Ka cire giya ka jefa ta a firi, ka gangara gefe, ka kashe."

Ya dube ni, ya dubi gaban motar da babu sauran fitila. Dattijon ba yaro ba ne. "To, Likita," kawai ya ce.

* * *

Washegari da yamma 'yata ta shigo gida a guje, jaka na dukan bayanta. Shekararta shida, Aku muke ce mata, don bakinta ba ya hutawa sai barci ya sace ta.

"Baba! Motarmu ta warke! Mun wuce mai keke, mun wuce mai babur, har mun wuce wata babbar mota! Na gaya wa kowa babana ne ya yi mata allura!"

Na ɗaga ta sama. Uwarta tana ninke wanki a bakin gado, ta bari sai da yarinyar ta fita wasa, sannan ta dube ni.

"Tun jiya ba ka ci abincin kirki ba. Me ya faru?"

"Daga gobe ni zan riƙa kai ta a babur."

"Motar da ka gyara da hannunka?"

Na gaya mata, ban rage komai ba. Ta ajiye rigar da ke hannunta a hankali.

"Su nawa ne a motar?"

"Goma sha takwas."

"Ka cire ɗaya. Saura goma sha bakwai. Su 'ya'yan itace ne?"

"Mako uku ne kawai. In na yi magana, an rufe wa Kawu gareji, an kori Baba Direba, ni kuma da hannuna a ciki tsundum. Ki yi haƙuri, kaya na zuwa."

"Ni ba ni za ka ba haƙuri ba," in ji ta. Ta ci gaba da ninke kaya. Ba ta hana ni ba, ba ta kuma ce a mayar da yarinyar mota ba. Ita ma uwa ce, kuma tata ta fara sani. Mun ji kunyar juna a wannan yammacin, har muka kasa haɗa ido.

Masu duba motoci suka zo, suka leƙa gaban direba, suka ga duhu, suka buga hatimi. Mako uku ya wuce, na huɗu ya bi shi. Kullum na tambayi Kawu sai ya ce yana kan hanya, ran nan dai ya gaji da ni ya ce ba a ma yi odar ba, Yallaɓai ya ce a dakata.

Na wanke hannu na tafi makarantar. Na tarar da shi a ofis, fanka na kaɗa masa takardu. Ya saurare ni yana murmushi har na gama.

"Likita, motar da ke tafiya lafiya lau me za a gyara mata? Ko fitila ba ta kamawa."

"Ni na kashe ta, Yallaɓai. Kai ka sa ni."

"Ni?" Ya buɗe hannuwa. "Ni ko kunna kwamfuta ban iya ba. Na kai mota gareji, ƙwararre ya ce ta gyaru, hukuma ta duba ta sa hannu. In akwai wanda ya goge wani abu, ai shi ya san abin da ya goge." Ya miƙo mini hannu. "Ka gaida Kawu. Af, na ga ka cire 'yarka daga mota. Ban tambaye ka dalili ba, kada ka sa wasu su fara tambaya."

Na fito. Na tsani mutumin nan, amma ko a lokacin na san ba yatsansa ne ya danna maɓallin ba. An ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Ni na kunna wutar da kaina, sannan na koma gefe ina shafa ruwa.

* * *

Ranar Litinin da safe na fito da babur, Aku a gabana ta riƙe madubi, ta cika tana batsewa don har yanzu ba ta yafe mini raba ta da ƙawayenta ba. Bas ɗin tana tsaye a bakin layinmu, injin na kaɗawa, yara na dannawa ciki.

"Likita! Likita, tsaya!"

Matar telan da ke maƙwabtaka da mu ce, ta taho da sauri tana jan ƙaramin ɗanta, ɗan shekara huɗu, sanye da rigar makaranta da ubansa ya ɗinka da girma don ta kai shi baɗi.

"Dama ina ta neman ka in yi godiya. Tun farkon zango nake goya shi zuwa makaranta, an ce mota ta cika. Jiya aka aiko cewa kujerar Aku ta zama tasa." Ta yi dariya, tana haki. "Babansa ya so ya ƙi, wai motar ta tsufa. Na ce masa haba, motar da Likita ya gyara da hannunsa? Ai sai mu yi barci da minshari."

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Maganar tana nan a kan harshena, gajeriya ce, ba ta fi kalma biyar ba. Na hangi Baba Direba ta gilashi, hannuwansa biyu a kan sitiyari, yana kallona.

"Baba, za mu makara," in ji Aku.

"Allah ya kiyaye hanya," na ce.

"Amin, amin. Allah ya bar zumunci."

Ta ɗaga yaron ta ɗora shi a kujerar bakin taga, ta goge masa hanci da gefen mayafinta, ta rataya masa gorar ruwa a wuya. Aka ja ƙofa. Motar ta zabura ta hau titi, ita kuwa tana tsaye tana ɗaga hannu.

Hanyarmu ɗaya, babu wata. Na tayar da babur na bi bayansu.

"Baba, ka matsa kusa mana, in yi musu gwalo!"

Na sassauta hannuna a kan totur. Na bar wata motar haya ta shiga tsakaninmu, sannan na bar wata.